Kiwon Tsohon Doki Mai Ciwon Gaɓɓai

Doki in ya sami kiwo ya kan yi shekara 25 ko 30 a duniya, amma tun kafin nan gaɓɓansa su kan fara gajiya. Da wuya a shiga bargar hakimi ba a tarar da irin wannan tsohon ingarma ba, wanda ya daɗe yana hawan salla da ubangijinsa, yanzu kuwa ba a son rabuwa da shi, ana kuma tsoron hawansa. Abin da aka saba yi shi ne a ɗaure shi a turke, a ce ya huta. Wannan hutun kuwa shi ke ƙarasa shi.

Ga dalili. A bakin kowane ƙashi, inda ya gamu da ɗan'uwansa, akwai guringuntsi mai santsi, da wani ruwa mai yauƙi da ke hana su gugar juna. Shekaru da aiki su kan cinye guringuntsin nan, in kuwa ya cinye ba ya sake tohowa. Sa'an nan ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, ya yi tsiro a gefe, gaɓar ta yi kauri ta sage. To, guringuntsi ba shi da hanyar jini. Daga ruwan gaɓa ya ke samun abincinsa, ruwan kuwa ba ya ratsa shi sai gaɓar tana motsi. Watau dokin da ya wuni tsaye a turke, balle an yi masa dabaibayi, ɗan guringuntsin da ya rage masa ma an hana shi abinci ke nan.

Yaron barga ne ya kan fara ganin alamar ciwon, in mai lura ne. Da safe dokin ya kan fito a sage, yana gajeren taku, yana jan kofato, amma in ya ɗan yi tafiya sai ya sake. Ya kan yawaita tuntuɓe, kuma abin ya fi tsanani da hunturu. Wani ya kan daina kwanciya ɗungum, don tsoron wahalar tashi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama ko da ya ke doki yana gyangyaɗi a tsaye, barci mai nauyi sai a kwance ya ke samunsa, wanda ya daɗe bai samu ba kuwa ya kan durƙushe ba labari, ya ƙuje gwiwa.

Amma kada a ɗauki kowane ɗingishi a kan tsufa ne. In gaɓa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ko doki ya ƙi taka ƙafa sam, ko kofato ya ɗau zafi bayan ya ci hatsi da yawa, wannan wani ciwo ne dabam, sai a aika wa likitan dabbobi ran nan.

In an tabbata na tsufa ne, babban maganinsa kilisa ce ta sannu, kullum ba fashi. A ja shi da hannu kamar minti 20 ko 30, safe da yamma, a kan ƙasa mai laushi wadda ba tudu ba gangare. Kaɗan kullum ya fi mai yawa ran Juma'a kaɗai. In akwai danga ko garka inda za a sake shi ya yi yawonsa, ya fi turke nesa. Sukuwa da zamiya kuwa lokacinsu ya wuce. Ba abin da ke dukan gaɓɓan ƙafafun baya kamar a sako doki a guje a ja linzami ya tsaya cik, ga nauyin mahayi, ga sirdi da kayan ado. Hakimin da ya hau irin wannan doki zuwa jahi don sabo, yana iya faɗuwa a gaban Sarki da jama'a. Gara a yi masa ado a ja shi a zage, ba kowa a kai.

A zuba masa yashi mai kauri a makwanci, a riƙa kwashe jiƙaƙƙen, a kuma kare shi daga iskar hunturu. Kofato yana tsiro kullum, dokin da ba ya tafiya mai nisa kuwa ƙasa ba ta cin nasa, sai ya yi tsawo ya karkatar da gaɓa. A sa wanda ya iya ya daidaita shi kowane mako 6 ko 8. Wajen abinci kada a bari ya yi ƙiba, domin ƙafafun gaba su ke ɗauke da wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. In haƙoransa sun lalace, a jiƙa masa dusa, a zaɓa masa harawa mai laushi, ruwa kuwa kada ya yanke.

Tsaga da ɗora ƙarfe mai zafi a kan gaɓa ba su mayar da guringuntsi. Miki kawai su ke ƙara masa, ta nan kuma ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe muƙamuƙi ya kan shiga, doki kuwa yana cikin dabbobin da ya fi kashewa. Akwai maganin rage zafi da likita ke ba dawaki, kamar fenilbutazon, yana kuma da amfani ƙwarai. Sai dai in ya yi yawa, ko dokin ba ya shan ruwa sosai, ya kan ji wa ciki da ƙoda. Ba ya warkar da gaɓa, ɓoye zafin ya ke yi, saboda haka ganin dokin ya miƙe bayan magani ba izinin ɗaura sirdi ba ne.

Malamin hakimi yana da nasa aiki a nan. Ya ware shafi guda a littafi, ya rubuta shekarun dokin, da ranar yankan kofato, da maganin da aka ba shi da yawansa, da ranakun da aka gan shi ya kwanta ya tashi da kansa. Wannan shafi shi likita zai fara tambaya in ya zo. Ran da rubutun ya nuna dokin ya fara kasa tashi sai an ɗaga shi, ko ya bar cin abinci, hakimi ya kira likitan su yi shawara, kada a jira sai an wayi gari an same shi kwance cikin rana.