Titin Waken Soya da Kurmin Amazon

A ƙasar Birazil akwai wani titi da ake kira BR-163. Ɓangarensa na arewa ya taso daga Cuiabá, babban birnin jihar Mato Grosso, ya miƙa arewa har Santarém, inda kogin Tapajós yake zuba cikin kogin Amazon. Tsawon wannan ɓangaren ya doshi kilomita 1,800, kuma babban yankinsa ta tsakiyar kurmi ya ratsa. Duk mai son sanin yadda titi yake cin daji, da yadda hukuma take fafutukar hana shi, labarin wannan hanya ya ishe shi karatu.

Gwamnatin soja ce ta yanke ta. A shekarar 1970, bayan wani mummunan fari da ya auka wa arewa maso gabashin ƙasar, Shugaba Médici ya fito da shirin kwasar talakawa marasa gona a zaunar da su a Amazon, bisa zaton cewa ba kowa cikin dajin. Aka shigo da katafiloli, aka buɗe hanyar a 1976, jar ƙasa zalla ba kwalta.

Ashe da mutane a ciki. Hanyar ta bi ta ƙasar ƙabilar Panará, waɗanda ba su saba cuɗanya da baƙi ba. Cututtuka irin su mura da gudawa suka shiga cikinsu suka yi ta kisa. A 1975 mutum 79 kawai suka rage daga cikin ɗaruruwa, aka ɗebe su a jirgin sama zuwa gandun ƙabilu na Xingu. Sai bayan shekara ashirin suka samu komawa wani yanki na ƙasar kakanninsu, daga baya kotu ta tilasta wa gwamnati biyansu diyya.

Waken soya ya nemi kwalta

Shekaru suka shuɗe babban ɓangaren hanyar yana nan yadda aka bar shi, ƙura da rani, taɓo da damina. A can kudu kuwa Mato Grosso ta bunƙasa ta zama jihar da ta fi kowace noman waken soya a ƙasar, kuma Sin ce babbar mai saye. Damuwar manoman ita ce dako. Tirela sai ta yi tafiyar kusan kilomita 2,000 kafin ta kai tashar jiragen ruwa ta Santos ko Paranaguá. In da an yi wa BR-163 kwalta, sai kaya su bi arewa su shiga kogi, kuɗin mota ya ragu ƙwarai. A 2003 kamfanin Cargill ya buɗe tashar lodin hatsi a Santarém, a shekarar kuma Blairo Maggi, ɗaya daga cikin manyan manoman waken soya na duniya, ya hau kujerar gwamnan Mato Grosso. Maganar kwalta ta tashi gadan-gadan.

A nan ne mai karatu zai natsu, domin abin da ya biyo baya shi ne ƙashin bayan zancen. Ba a ko fara sabon aikin kwaltar ba tukuna, amma labarinta kaɗai ya sa filayen gefen hanya suka yi daraja. Yawancin filayen nan na gwamnati ne, ba a tantance su ba, ba a rubuta wa kowa ba. Masu yankan katako su ne a gaba: su yanke 'yar hanya daga babban titi zuwa inda manyan itatuwa suke. Masu kamun fili su biyo sawunsu, su sare abin da ya rage, su bari ya bushe, su cinna wuta, su watsa irin ciyawa, su zuba 'yan shanu don a ce wurin yana da mai shi. Sannan a nemo takardar mallaka ta jabu. An ce a dā har cikin akwati ake rufe sabuwar takarda tare da gyare, ya ɓata ta ya ci gefenta, ta koma kamar wadda aka gada daga kaka. In aka dubi wurin daga sama, ƙananan hanyoyin da suka fito daga titin kamar ƙayar kifi suke. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna kusan kashi 95 cikin 100 na dajin da aka sare a Amazon ta Birazil bai wuce kilomita biyar da rabi daga wata hanya ba, ko kilomita ɗaya daga kogin da jirgi ke bi.

Saboda haka sunan waken soya ake kira, amma yawancin dajin da aka sare makiyayar shanu ya zama, shanun kuma sau da yawa hujjar riƙe fili ce kafin ya yi tsada.

A 2004 hotunan tauraron ɗan'adam na hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar, INPE, suka nuna an sare murabba'in kilomita kusan 27,800 cikin shekara ɗaya, filin da ya fi jihar Kano girma. A watan Fabrairun 2005 kuma 'yan bindigar haya suka harbe Dorothy Stang a Anapu, jihar Pará. Dattijuwa ce mai shekara 73, 'yar asalin Amurka, mai hidimar coci, wadda ta tsaya wa ƙananan manoma a rikicinsu da masu kamun fili.

Shirin da aka tsara

Kisan ya girgiza gwamnatin Shugaba Lula. Cikin 'yan kwanaki ta dakatar da sara a kan hekta sama da miliyan takwas a yankin BR-163. Ministar muhalli Marina Silva ta riƙe cewa tun ran gini ran zane: kada kwalta ta riga hukuma isa wurin. Aka zagaya garuruwa ana jin ta bakin jama'a, a 2006 aka ƙaddamar da shirin raya yankin titin ba tare da an cinye dajinsa ba. A takarda shirin ya yi kyau. Za a tantance wane fili na wa ne, a keɓe inda za a yi noma da inda ba za a taɓa ba, a ba ƙananan manoma takardu da rance da malaman gona, a kai makaranta da asibiti da 'yan sanda. A watan Fabrairun wannan shekarar aka yanke sababbin gandayen daji na miliyoyin hekta a gefen hanyar, ciki har da gandun Jamanxim mai hekta miliyan 1.3.

Wasu matakan suka dafa. Manyan 'yan kasuwar hatsi suka amince a 2006 cewa ba za su sayi waken da aka noma a sabon saran Amazon ba. A 2008 babban bankin ƙasar ya hana ba da rancen noma a yankin sai ga mai cikakkun takardun fili da na muhalli, aka kuma fitar da sunayen ƙananan hukumomi 36 da suka fi ɓarna. Tauraron ɗan'adam yana hango sabon sara, jami'ai su dira. Zuwa 2012 saran ya sauko ƙasa da murabba'in kilomita 4,600, kuma noman waken soya bai fasa ƙaruwa ba, domin akwai tsofaffin makiyayu birjik da za a iya nomawa. Masu cewa sai an zaɓi ɗaya tsakanin gona da daji ba su da amsar waɗannan shekaru takwas.

Inda aka yi sake

Zana gandu a taswira ba ya cin kuɗi. Ajiye ma'aikata a ciki, da biyan diyyar waɗanda aka tarar, da warware takardun dubban gonaki, su ne masu cin kuɗi da haƙuri, su kuma aka bari a baya. Marina Silva ta ajiye aiki a 2008. Aikin titi ya ci gaba, sauran alkawuran suka yi ta jan ƙafa. Gandun Jamanxim ya shiga sahun waɗanda aka fi sarewa a ƙasar. A 2017 majalisa ta amince a rage shi, wato a halatta wa waɗanda suka kutsa abin da suka kama, sai da aka yi ca kafin Shugaba Temer ya ƙi sa hannu. Duk mai kamun fili ya ɗauki karatu daga nan: a sare tukuna, doka za ta iya biyowa ta gyara.

A damina ta farkon 2017 dubban tireloli suka maƙale cikin taɓo kwana da kwanaki a ɓangaren da ba kwalta, abin da ya ƙara wa masu neman a gama aikin ƙarfin baki. Ranar 10 ga Agustan 2019, wasu masu gonaki a kewayen garin Novo Progresso da ke bakin titin suka haɗa baki suka cinna wa daji wuta rana ɗaya. A ƙarshen shekarar sojoji suka kammala ragowar kwaltar zuwa Miritituba, inda ake juye wake cikin manyan jiragen dako a kogin Tapajós, Shugaba Bolsonaro ya buɗe a Fabrairun 2020. A 2021 saran Amazon ya haura murabba'in kilomita 13,000. Da aka sake ɗaure wa jami'an tsaron daji gindi daga 2023, Marina Silva ta dawo kujerarta, ya sauko kusan 6,500 a 2024.

Su kansu manoman Mato Grosso suna da abin tsoro a nan. Girbi biyu suke yi a shekara, wake sannan masara, kuma wannan sai da doguwar damina. Wani kaso na ruwan da ke sauka a gonakinsu tururin da itatuwan kurmin suke fitarwa ne, iska ta koro shi kudu. Masana sun lura cewa inda aka sare daji sosai a kudancin Amazon, damina tana makara.

Yanzu kuma maganar layin dogo ake yi, mai tsawon kilomita 933, daga garin Sinop zuwa Miritituba, kafaɗa da kafaɗa da titin. Don a ba shi hanya an yanki wani ɓangare na wurin shaƙatawa na ƙasa na Jamanxim (ba gandun da aka ambata a baya ba), abin da ya sa wani alƙalin Kotun Ƙoli ya dakatar da aikin a 2021. Ƙabilun Kayapó da Munduruku da Panará sun ce ba za a shimfiɗa shi ba sai an zauna da su tukuna. Kayapó sun riga sun nuna abin da za su iya: a Agustan 2020 sun datse BR-163 kusa da Novo Progresso, tireloli suka yi layi na kilomitoci suna jira.