YI WA MAGARYAR BAYAN GIDA AURE

Manomi, kada ka sare magaryar nan da ta tsiro a garkarka don kana ganin 'ya'yanta ƙanana ne. Amfaninta yana ga saiwarta, wadda kan nutsa ƙasa ƙwarai, ta jure fari da rashin taki inda lemo ko gwaba za su mutu. Abin da za ka yi shi ne ka yi mata aure da magarya mai manyan 'ya'ya, kamar yadda a ke yi wa mangwaro.

Wannan iri daga Indiya aka kawo shi. Akwai Gola, da Umran, da Seb. A Jamhuriyar Nijar ana ce masa Pomme du Sahel, wato tuffar Sahel, kuma cibiyar binciken aikin gona ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta taimaka wajen yaɗa shi. Ɗa ɗaya ya kan kai girman ƙaramin lemon tsami, ana kuma cinsa ɗanye. To, amma fa kada ka shuka ƙwallonsa kana sa ran zai biyo uwa. Ba lalle ne ya biyo ta ba, sai ka yi shekaru kana wahalar banza. Reshe za ka nema daga itacen da ka ga 'ya'yansa da idonka, ko kuwa ka tambayi malamin gona.

YADDA A KE AUREN

A ƙarshen rani ka sare magaryar, ka bar kututture kamar tsawon gwiwa. Da ruwa ya sauka za ta yi toho da yawa. Zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, ka cire sauran. In sun kai kaurin fensir, aure ya yi.

Yanko reshen irin mai kauri daidai da tohon, mai ido uku ko huɗu. Cire ganyensa, ka naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ka yi aiki da shi ran nan. Datse tohon, ka bar kamar taƙi ɗaya, ka tsaga kansa wajen inci ɗaya da reza ko wuƙa mai kaifi. Fiƙe gindin reshen ta gefe biyu, ka soka cikin tsagar. A nan ne aikin ya ke: tilas ɓawo ya haɗu da ɓawo, ko da ta gefe ɗaya ne. In ba su haɗu ba, auren ba zai kama ba. Ɗaure tam da tsagin leda don kada ruwa ya shiga. Da safe ko da yamma a ke yi. Bayan mako biyu zuwa uku za ka ga ido ya toho.

KULA BAYAN AURE

Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin ɗaurin na uwar daji ne. Cire shi nan da nan, ka riƙa dubawa kowane mako. Masu sakaci a nan su kan wayi gari su ga magaryarsu ta koma gidan jiya. Ka kuma kewaye ta da ƙaya ko kara, gama awaki ba sa wuce ganyen magarya.

Ta kan yi fure a ƙarshen damina, ta nuna da hunturu. In ta sami ban ruwa a wannan tsakani 'ya'yan za su fi girma. Waɗanda suka faɗo da tsutsa a ciki, tsince su ka binne da zurfi, don ƙudan da ke ɓata su kada ya yaɗu. Bayan an gama ɗiba, da bazara, ka rage rassan sosai, domin a sabon reshe ta ke yin 'ya'ya.

In itatuwan sun fi ɗaya, bar tazarar mita shida tsakaninsu. A wannan fili uwargida za ta iya shuka kuɓewa, da yakuwa, da barkono, a kuma jera zogale a jikin danga.