Ciwon Gaut da Maganin Gargajiya: Abin da Za Ka Kula da Shi

Mai ciwon gaut ya san lokacinsa. Da tsakar dare babban yatsan ƙafa zai kumbura, ya yi ja, ya yi zafi har mayafi ba ya iya taɓa shi. Sinadarin yurik asid ne ya yi yawa a jini, ya daskare a gaɓa kamar ƙananan allurai.

Tsirrai suna da rawar takawa. Kolcisin, maganin da likitoci ke bayarwa lokacin da ciwon ya tashi, daga wani fure aka samo shi. Amma tsakanin adadin da ke magani da wanda ke kashewa tazara kaɗan ce, shi ya sa ban yarda mutum ya tono saiwa ya jiƙa da ka ba.

Zoɓo ba laifi, wasu ƙananan bincike sun nuna yana taimaka wa ƙoda fitar da yurik asid ta fitsari. Sai dai a sha shi ba sukari, domin sukarin ma yana ƙara ciwon. Zoɓon yana kuma sauke hawan jini, mai shan maganin hawan jini ya fara tambayar likita. Citta da kurkum suna ɗan rage kumburi, ba sa kawar da tushen.

Jiƙon da ake tallata a tasha cikin gora, wanda ke kashe zafi nan take, ka guje shi. Wasu na zuba masa ƙwayoyin asibiti a ɓoye, ƙoda ce ke biyan kuɗin.

Ka rage hanta, ƙoda, kayan ciki da lemon kwalba, ka sha ruwa sosai. In an ɗora ka a kan alopurinol, maganin rage yurik asid, kada ka daina don ƙafa ta lafa.