Fure a gida: wanda za mu shuka da wanda za mu tuge



A rangadin da muke yi na cibiyoyin karatun manya a ƙasar Gaya, daga Tanda zuwa Bana da Bengu da Tunuga, mun lura gidaje da yawa suna da ɗan fili a bayan ɗaki ko a gefen rijiya, yana zaune haka nan. Ranar da muka kawo maganar shuka fure a wata cibiya, wata dattijuwa ta yi dariya, ta ce: "Malam, ana tuwo da fure ne? Ruwan da na ɗauko a kaina zan zuba wa abin da ba a ci?"

Tambayarta tana kan hanya, kuma ita ce tushen darasinmu na yau. Akwai furen da yake biyan wahalar ruwansa. Akwai kuma furen da yake iya hallaka yaro. Ya kamata kowane magidanci da kowace uwar gida su san bambancinsu.

Mene ne aikin fure?

Duk ɗan itacen da muke ci daga fure ya fito. Mu dubi kabewa. Tana da fure iri biyu, namiji da tamace. Tamacen tana da ɗan ƙulli a ƙarƙashinta, shi ne zai zama kabewa. Namijin yana da wani gari mai ruwan ɗorawa a cikinsa. Ƙudan zuma ne yake ɗaukar garin nan a jikinsa ya kai wa tamacen. In bai kai ba, ɗan ƙullin sai ya yanƙwane ya faɗi. Haka abin yake ga kankana da guna. Saboda haka gidan da yake da fure yana kiran ƙudan zuma, garkar da ke kusa da shi kuma tana ƙaruwa.

Ƙasarmu ta dace

Allah ya yi wa Gaya baiwa. Tana cikin wuraren da suka fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, alhali na Agadas bai kai 200 ba. Ga kogin Kwara, ga ruwa kusa a cikin dallol. Abin lura ɗaya ne: a wuraren Dallol Foga, inda ake dafa gishiri, ƙasa da ruwan waɗansu rijiyoyi suna da gishiri, yawancin furanni kuwa ba sa sonsa. Wanda yake can ya ɗebo ƙasa mai kyau daga tudu, ya yi shuka a tsohon bokiti ko tukunya.

Furanni huɗu masu amfani

1. Yakuwa. Furenta fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, da ja a tsakiya. Yana buɗewa da safe, ya yanƙwane a ranar. Jan ƙoƙon da ya rage bayan faɗuwar furen shi ne zoɓo. Ana shuka ta a farkon damina, watan Yuni ko Yuli, ƙwara uku a rami, taku ɗaya tsakanin rami da rami. Tana fure da kaka. Bayan sati biyu zuwa uku da faɗuwar fure sai a tsinke zoɓon, a shanya a kan tabarma mai tsabta. Ganyenta miya ne, ƴaƴanta kuma ana daddawa da su. Har ƙasar Meksiko ana kai zoɓon ƙasar Hausa, domin su ma suna sha. Zoɓo marar sukari da yawa yana ɗan sassauta hawan jini, amma mai wannan ciwo kada ya bar maganin likita saboda shi.

2. Lalle. Furensa ƙanana ne farare, masu ƙamshi da yamma. Ana dasa reshensa ya kama. In an jera shi kusa da kusa ya zama shinge. Ganyen kuwa mata sun san darajarsa ranar biki da ranar salla, kuma yana da kasuwa.

3. Tajet. Wannan baƙon fure ne mai ruwan ƙwai, asalinsa Meksiko. Ganyensa yana da wari mai ƙarfi. Masu garka sun san wata cuta da take sa saiwar tumatir da ta kuɓewa ta yi ƙulle-ƙulle, tsiron ya ƙi girma. Wata tsutsa ce ƙarama ƙwarai, ido ba ya ganinta. Saiwar tajet tana rage ta. Sai dai tushe ɗaya ko biyu ba ya wadatarwa. A cika fangalin da shi har wata biyu zuwa uku, sannan a cire a dasa tumatir. Ku tambayi malamin gona irinsa. Wanda ya samu sau ɗaya, ya bar furen ya bushe ya ajiye iri.

4. Bugambil. Shi ne mai jan fure ko shanshanbale da muke gani a katangun ma'aikatu. Asalinsa ƙasar Barazil, sunansa kuma na wani matuƙin jirgin ruwa ne ɗan Faransa. Ba a cinsa, amma yana ba da inuwa a kan rumfa, ƙayarsa tana tsare katanga. Da zarar ya kama, ba ya neman ruwa da yawa.

Yadda za mu shuka

Na farko, mu zaɓi wurin da rana take samu tun safe har azahar. Wuri mafi kyau shi ne kusa da inda ake alwala, domin ruwan da yake zuba a banza ya sami aiki.

Na biyu, mu yi darni tun kafin shuka. Akuya ba ta san ado ba. Karan dawa ko zana sun isa.

Na uku, mu haɗa ƙasa: kwano biyu na ƙasa, kwano ɗaya na taki ruɓaɓɓe, kwano ɗaya na yashi. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa. A bar shi ya ruɓe tukuna.

Na huɗu, in dashen reshe za a yi, a yanko wanda ya ƙosa, kaurin alƙalami, tsawon taƙi ɗaya. A cire ganyen ƙasa, a binne rabinsa, a ajiye a inuwa. Kada a riƙa tuge shi don a ga ko ya yi saiwa. A ba shi wata ɗaya zuwa biyu. Sabon ganye shi ne alamar ya kama. Farkon damina ne lokacin da ya fi dacewa.

Na biyar, ban ruwa da sassafe ko da maraice. Ruwan wankin hatsi da na shinkafa suna da kyau. Ruwan wanki mai Omo ko Javel kuwa yana kashe tsiro. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe.

Na shida, in ƙwari sun kama, a daka ƴaƴan dogon yaro rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a yayyafa da maraice bayan ƙudan zuma sun koma. Kada a kawo maganin feshin gona cikin gida, inda yara da kaji suke yawo.

Kyan ɗan maciji

A wani gari mun tarar an kai yaro ɗan shekara biyar gidan likita. Ya ci ƴaƴan zaƙami da ya fito a kan juji bayan gidansu. Jikinsa ya yi zafi, bakinsa ya bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe, yana ta sambatu. Allah ya sa an kai shi da wuri, ya tashi. Mutanen gidan sun daɗe suna ganin tsiron, sun bar shi domin furensa yana da kyau.

Ga uku da ya kamata mu sani. Zaƙami, wanda ake kira haukata-yaro, yana da farin fure mai kama da kakaki da ɗa mai ƙaya. A tuge shi duk inda ya fito kusa da gida. Kariya tana da kututture mai kauri da jan fure, ruwanta kuwa dafi ne, tun da can da shi ake dafin kibiya. Sai loriye, mai dogon ganye siriri da fure ja-ja, wanda ake shukawa a bakin hanya a birane. Ganyensa da furensa da itacensa duk dafi ne, yana taɓa zuciya, yana kashe mutum da dabba. Ba a asuwaki da shi, ba a hura wuta da shi, ba a ba akuya.

In yaro ya ci ɗaya daga cikinsu, kada a tsaya ba shi nono ko manja, kada a tura masa yatsa don ya yi amai. A ɗauke shi nan take zuwa gidan likita, a tafi da reshen abin da ya ci domin ma'aikacin lafiya ya gane shi.

Ruwa kwance da ciyawar kogi

Duk bokiti ko gwangwanin da za a yi shuka a ciki, a huda gindinsa. Ruwan da ya kwanta yana ruɓar da saiwa, kuma sauro yana ƙwai a cikinsa. Kwana bakwai zuwa goma sun ishi ƙwan ya zama sauro. Kada kuma a bar kududdufi a gindin shuka, domin irinsa ne sauron zazzaɓi yake so.

Mu da ke bakin kogi muna da wani darasi a gabanmu. Ciyawar nan mai shuɗin fure da take yawo a kan Kwara, wadda waɗansu ke kira kainuwa, asalinta yankin kogin Amazon ne a Amurka ta Kudu. Saboda kyan furenta mutane suka yi ta kai ta ƙasashe. A 1984 ta bayyana a ruwan Badagiri, kusa da Ikko. A koginmu kuma ta fi shekara 30. Cikin sati biyu tana iya ninka kanta. Masunta da masu kwale-kwale da manoman shinkafa sun san ɓarnarta. Kada kowa ya ɗauke ta ya kai tabki ko rijiyar garka don ado.

Ƴan uwa, da sanyin safiya ake kama fara. Kafin damina ta sauka, kowa ya zagaya gidansa, ya tuge abin da yake da dafi, ya gyara ɗan fili, ya nemi irin yakuwa da reshen lalle wajen maƙwabci. Dattijuwar nan da ta yi mana dariya ta ce za ta gwada rami goma. Mun yi alkawari da ita, in Allah ya kai mu kaka, a gidanta za mu sha zoɓo.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Wane aiki ƙudan zuma yake yi wa kabewa?
2. Me ya sa ba a zuba ɗanyen taki a ramin shuka?
3. Rubuta sunayen furanni uku masu dafi.
4. Me za ka yi in yaro ya ci zaƙami?
5. Mace tana son ta shuka yakuwa rami 10, ƙwara 3 a kowane rami. Ƙwara nawa za ta tanada?