ABOKIN ANGO: AMANA CE AKA BA KA

Karatu: Yahaya 3:25-30, Mahukunta 14:10-20
Ayar Haddacewa: Karin Magana 17:17

Ɗan'uwa, idan aka zaɓe ka abokin ango, kada ka ɗauka ɗinkin sabuwar riga da ɗaukar hoto ne aikinka. Amana ce, kuma za ka ba da lissafinta a gaban Allah.

Dubi mutum biyu a cikin karatunmu. Yahaya Maibaftisma ya kira kansa abokin ango. Ya san amarya ba tasa ba ce, murnarsa kuwa ita ce jin muryar Ango. A bikin Samson a Timna kuwa, an kawo masa abokai 30, amma su ne suka tsorata amaryarsa har ta tona asirin kacici-kacicinsa. Daga baya aka ba da ita ga abokin angon kansa. Ƙarshen wannan aure wuta ce da mutuwa (Mahukunta 15:6). Wanne ne kai a cikinsu?

1. Kafin biki. Ka tsaya masa da addu'a da azumi. Ka taimake shi ya kiyaye tsarki har ranar ɗaurin aure. Ka raka shi wurin fasto don koyarwar aure, ka kuma ƙarfafa shi su yi gwajin jini. Idan ka ga yana cin bashi don burge mutane, ka faɗa masa gaskiya. Biki na yini ɗaya ne, bashi kuwa yakan bi ma'aurata har cikin ɗaki.

2. Ranar biki. Ka kai shi majami'a a kan lokaci, zobe yana hannunka. Dokar aure ta Najeriya tana bukatar shaidu aƙalla 2 ban da mai ɗaura auren. Idan ka sa hannu a takardar, ka zama shaida ke nan, kada ka sa hannu a kan abin da ka san ƙarya ne. Kuɗin gudummawa da aka damƙa maka, ka rubuta, ka miƙa cif-cif.

3. Bayan biki. Ka ja da baya. Yanzu matarsa ce ta fi ka kusa da shi. Kada ka riƙa zuwa gidan in ba ya nan, kada kuma ka kai sirrinsu waje. In sun sami saɓani, ka zama mai sulhu, ka kai su ga Maganar Allah.

Idan ka san ba za ka iya ba, gara ka ce a'a tun da wuri.

Addu'a: Ya Uba, ka mai da ni amintaccen aboki. Ka kawar da kishi da cin amana daga zuciyata. Kowane gida da na tsaya wa shaida zai tsaya daram, cikin sunan Yesu. Amin.