Yadda Ake Fitar da Man Gyaɗa, da Aikin da Ruwan Zafi Ke Yi a Ciki

A Birnin Kudu da Gwaram, har zuwa garin Sara, da wuya mutum ya ratsa unguwa bai ji ƙamshin suyar ƙuli-ƙuli ba. Sana'a ce ta mata a cikin gida, da ita ake cefane, ake zubin adashi, ake tara wa 'ya kayan ɗaki. Kowa ya san ruwa da mai ba sa ga maciji, amma a wannan sana'a ruwa ne ke fitar da man. Mai son gane dalili sai ya bi aikin daki-daki.

Da farko a samu busasshiyar gyaɗa, a tsince ruɓaɓɓu da masu fumfuna, domin su ke ɗauke da gubar da ke lahanta hanta. Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, sai dai ba a kwance yake ba. Yana ƙunshe cikin 'yan mitsi-mitsin ƙullaye da ido ba ya gani, kowanne lulluɓe da siririyar fata ta furotin da wani maiƙo mai suna fosfolifid. Ƙwayar wannan maiƙo tana da kai mai son ruwa da wutsiya biyu masu gudunsa, don haka wutsiyoyin ke nutsewa cikin mai, kawunan su leƙo waje. Shi ne kuma, ninki biyu, ya lulluɓe ƙwayoyin halittar jikinmu, kamar yadda masana Gorter da Grendel suka bayyana a ƙasar Holan a 1925.

Sai suya. A zuba gyaɗa a kasko, wuta madaidaiciya, ana juyawa har ta yi ja-ja ba ta ƙone ba. Zafi na raunana furotin da ke tsare ƙullayen. In ta huce a murje jan ɓawon, a bakace a faifai, a kai inji a markaɗa. Markaɗe mai laushi ya fi ba da mai, domin ya fi farfasa ƙullayen.

A nan ne gwaninta take. A juye markaɗen a turmi, a yayyafa ruwan zafi kaɗan, a yi ta tuƙawa da muciya ko taɓarya. Da farko markaɗen na da santsi da sheƙi. Ruwa na shiga sai ya ɗaure, launinsa ya yi duhu, ya riƙe muciya har mai tuƙi ta ji a kafaɗunta. A ƙara yayyafawa, a ci gaba. Can sai mai ya fara tsattsafowa, ya taru a gefen turmi, a ce gyaɗa ta saki.

Ruwan farkon nan ba ya yawo a sake. Furotin da sitacin gyaɗa da kawunan fosfolifid ne ke cafke shi, garin ya manne da juna ya dunƙule, ya matso man da ke tsakaninsa.

Masana sun daɗe suna bin diddigin ruwan da ke maƙale a jikin irin wannan fata, kuma da haske suke yi. Sukan shimfiɗa fosfolifid, kaurin ƙwaya ɗaya tak, a saman tsaftataccen ruwa. Sai su haska wurin da hasken lesa guda biyu a lokaci ɗaya: ɗaya wanda ido ke gani, ɗaya na infirared mai girgiza haɗin oksijin da haidurojin na ƙwayar ruwa. Wani haske na uku ke fitowa, kuma daga bakin iyakar kaɗai yake fita, ruwan da ke can ƙasa ba ya ba da shi. Ɗakin binciken Ron Shen a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a Amurka ne ya fara nuna wannan dabara a 1987. Daga baya ayarin Tahei Tahara a cibiyar RIKEN ta Japan ya nuna cewa ƙwayoyin ruwan da ke dab da kawunan suna jeruwa ne su fuskanci gefe guda, gwargwadon cajin lantarkin da kan ke ɗauke da shi. Wasu gwaje-gwajen infirared sun nuna ruwan da kawunan suka riƙe ya fi sauran ruwa nauyin juyawa. Wato akwai ruwa ɗaurarre, akwai sakakke.

Wannan bambanci shi ne mai tuƙi ke aunawa da hannunta. Muddin garin na shanye ruwa, mai na fita. In aka zarce, ruwa ya yi yawa, sai man ya tarwatse cikinsa ya ƙi taruwa, kamar yadda yake a farin kunun gyaɗa. Shi ya sa ba a kwarara ruwan gaba ɗaya.

Bayan an kwashe mai da ludayi, a ɗebi dunƙulen a matse da hannu a kan faranti mai gangare har ya daina ɗiga. Abin da ya rage shi ne tunkuza. A sa mata gishiri da yaji ko sukari, a mulmula ko a murza ta zobe-zobe, a soya ƙuli-ƙuli a cikin man nata.

Aiki na ƙarshe shi ne korar ruwan da ya yi saura. A ɗora mai a wuta, a jefa albasa, a jira har ya daina ƙara da kumfa, domin ruwan da ya rage shi ke sa mai saurin lalacewa. A bar shi ya kwana. Lakar da ke kwanciya a ƙasa garin gyaɗa ne da fosfolifid da ya sha ruwa, kuma manyan kamfanonin mai ma da ɗan ruwa suke cire fosfolifid daga ɗanyen mai. A tsiyaye na sama a busasshiyar kwalba ko galan, a rufe sosai, a ajiye inda rana ba ta bugu.