Amsoshin Tambayoyinku: Mai Neman Aure Daga Gungun Yawuri

Tambaya: Ni mazaunin Unguwar Rogo ne a Jos. Wani yaro mai hankali da ke kawo albasa kasuwar Farin Gada ya fito neman ƙanwata, wadda nake riƙe da ita tun rasuwar mahaifinmu. Sai da magana ta yi nisa muka ji ashe ƙauyensu a tsakiyar ruwa yake, can ƙasar Yawuri. Mahaifiyarmu ta ce ita kam ba za ta ba ruwa 'yarta ba. Yaya rayuwa take a irin wannan wuri, kuma akwai ci gaba a cikinta?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka maka da riƙon zumunci. Tsoron Hajiya mahaifiyarku ba abin zargi ba ne. Mutumin Jos ya tashi a kan dutse, babban ruwan da ya sani shi ne madatsar Lamingo da kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, kuma kusan duk labarin da yake ji game da su na yaron da ya shiga wanka bai fito ba ne. To, ka ga dole gabanta ya faɗi.

Tsibirin da ke cikin kogi shi ake kira gungu, daga nan aka sami sunan Gungawa, ko da yake su Reshe suke kiran kansu. Sun daɗe a gungunan kogin Kwara cikin masarautar Yawuri ta Jihar Kebbi, wato ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga, tare da Sarkawa masunta da Hausawan da fatauci ya kai. Abin da ya juya rayuwarsu shi ne madatsar Kainji da aka kammala a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 100, ya cinye tsohuwar Busa da mafi yawan babban gungun Foge, aka tashi mutane sama da 40,000 aka mai da su sababbin matsugunai. Wasu sun zauna a tudu, wasu kuwa zuciyarsu ba ta rabu da ruwa ba, suna kan gungunan da suka rage har gobe.

Maganar ci da sha, ka kwantar da hankalin Hajiya. Kwara kan yi cika biyu a shekara: farin ruwa na damina, sai baƙin ruwa da ke isowa da hunturu daga can ƙasar Gini inda kogin ya samo asali. Idan ruwa ya ja baya sai ya bar ƙasa mai laima da taki, a nan ake shuka. Gungawa sun yi suna da noman albasa tun kafin injin ban ruwa ya zo, lokacin da ƙwarya ake ɗebo ruwa ana watsa wa fangali ɗaya bayan ɗaya. Ga shinkafa da gero da dawa, ga kifi. Na taɓa kwana biyu a wani gungu, abin da ya tsaya mini a rai shi ne asuba. Kafin rana ta fito maza sun dawo daga duba kalli, mata sun jera tarwaɗa da ƙarfasa a kan murhun banda, hayaƙi ya lulluɓe bakin gaɓa, yarinyar da ba ta wuce shekara tara ba tana tuƙa kwale-kwale ita kaɗai kamar yadda 'yar Jos ke ɗaukar tallan dankali. Mace mai zuciyar nema ba ta rasa sana'a a can, domin banda da sayar da ita a hannun mata suke.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, kifin ba kamar da yake ba. Masunta sun yi yawa, taru mai ƙananan idanu yana kwashe har 'ya'yan kifi, shi ya sa samari da dama suka koma haƙar zinariya a dazukan yankin. Ku da kuka ga abin da kuza ta bari a Bukuru kun fi kowa sanin ƙarshen arzikin rami.

Inda nake so ka tsaya ka yi dogon tunani shi ne ƙetare. Duk abin da babu shi a gungu sai an hau ruwa: asibiti, makarantar sakandare, babbar kasuwa, wani lokaci har injin niƙa. Da rana tsaka, ruwa kwance, wannan ba komai ba ne. Amma ka ƙaddara ƙanwarka ce naƙuda ta kama da ƙarfe biyun dare a watan Agusta, hadari ya haɗo, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Wa ke da jirgi mai inji? Akwai mai a cikinsa? Minti nawa ne zuwa gaɓa, kuma daga gaɓa wace mota za ta kai ta asibiti a garin Yelwa? A ƙarƙashin tafkin har yanzu akwai kututturan itatuwan da ruwa ya binne tun 1968, jirgin katako ya ci karo da ɗaya cikin duhu sai abin da Allah ya yi. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse kusa da Wara a Ngaski, waɗanda aka ceto da rai kaɗan ne ƙwarai. Lodi fiye da kima da tsufan jirgi da rashin rigar ruwa, su ne ke kashe mutane a wannan hanya, kuma dukansu abubuwa ne da ɗan Adam zai iya gyarawa. Wannan ne ke ƙona mini rai duk lokacin da na ji an ce ai ƙaddara ce, aka yi shiru.

Ga sauro, ga tsargiya da yara ke ɗauka wajen wanka, ga zafin Yawuri wanda 'yar Jos za ta sha fama da shi a bazarar farko. Tsaro ma ka tambaya, domin ba a manta da ɗaliban da aka sace a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021 ba.

Ci gaba kuwa akwai alamarsa. Wayar hannu ta sa manomi yana jin farashin albasa a Jos kafin ya ɗora buhu a jirgi, faifan sola ya kawo haske gidajen da wutar Kainji ta tsallake su shekara da shekaru. Hukumar HYPPADEC da aka kafa domin al'ummomin da madatsun lantarki suka shafa, wadda Filato ma tana cikin jihohinta, ta raba rigunan ruwa a yankin. Amma wanda ya fi samun gaba shi ne mai ƙafa biyu, ɗaya a gungu ɗaya a tudu, kuma da alama yaron naku irinsu ne tunda har Farin Gada yake kai kaya.

Shawarata, kada ku hana shi don ruwa, kada kuma ku ba shi da ka. Ka shirya kai da wani dattijo cikin baffanninku ku je ku kwana, ku hau jirgin da za ta riƙa hawa, ku ga inda ake awon ciki da inda yara ke karatu. Ku nemi alkawari a gaban waliyyai cewa idan cikinta ya tsufa za ta koma tudu kusa da asibiti, ko ta zo gida goyon ciki, kuma a sa rigar ruwa cikin kayan ɗakinta. Sannan a tambayi yarinyar ita kanta, a ji ta bakinta ba tare da kowa ya tsare ta da ido ba. Ka gaida Hajiya, ka karanta mata wannan amsa a hankali. Allah ya zaɓa muku mafi alheri.